Hannun da Eberhard Ya Miƙa

Ranar da Eberhard ya fara ganin Sidonie, tana durƙushe a lambun magani na fadar Rauhenstein, hannunta duk laka, tana haƙo saiwa don wani tsohon soja da yaƙi ya bar wa gyambo a ƙafa. Ya ɗauka 'yar aiki ce, ya ce ta riƙe masa doki. Ta ɗago ta ce ita 'yar gidan sarautar von Ellrich ce, turke kuma ga shi can. Kunyar da ya sha ran nan ita ce ta rikiɗe ta zama so.

Daga nan bawan Allah ya zama majinyaci, yau ciwon kai, gobe tari. Sidonie ta gane shi sarai, sai ta riƙa dafa masa ganye mafi ɗaci.

"Kurciyata," in ji shi yana yamutsa fuska, "ƙara min."

Ta yi dariya, amma gabanta na faɗuwa. Shi magajin Graf ne, mai ƙasar baki ɗaya, ita kuwa sarautar gidansu ƙarama ce.

Mahaifiyarsa, Uwargida Walpurga, ta sa aka bi kakannin yarinyar goma sha shida kamar yadda aka saba, aka tarar ɗaya 'yar mai niƙan alkama ce. Shi ke nan, maganar aure ta mutu. Dama ta tanadar masa Apollonia, 'yar wani Graf.

Da ta ga ɗanta na ramewa, sai ta kira Sidonie ta ce mata ita kam ta sassauta, a yi auren hannun hagu. Ango zai miƙa hagunsa a gaban fasto. Aure ne halattacce, sai dai matar ba ta hawa matsayin mijinta, 'ya'yanta kuma ba sunan uba, ba gadon ƙasa. Ta ƙara da cewa Eberhard ya amince.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta soki Sidonie.

"Ranki ya daɗe," ta ce, "ni na iya haɗiye raini. Amma ina tausayin 'ya'yan da za su shiga gidan ubansu ta ƙofar baya."

Ta tattara ta koma gidan mahaifinta. Eberhard ya bi ta cikin dusar ƙanƙara, ya rantse bai taɓa amincewa ba. Ta yarda da shi, sai dai ta san dokar gidansu: magajin da ya auri wadda ba tsararsa ba da hannun dama, ya yi ban kwana da gado. Ta dubi mutumin nan da aka rena don mulki tun yana goye, ta ji ba za ta iya raba shi da gadonsa ba.

"Ba ni hagun, masoyina," ta ce, hawaye na zuba. "Zan riƙe."

Ya sumbaci goshinta.

Ranar auren coci ya cika, amma shiru kamar gidan makoki. Sidonie ta tsaya da kambun ganye a kanta, zuciyarta ta yi nauyi. Fasto ya ce su haɗa hannu. Ta runtse ido ta miƙa nata wajen hagunsa, ba ta same shi ba, don ya ɓoye shi a baya.

Hannun dama ya miƙo.

Fasto ya yi turus, ya raɗa masa cewa ya yi kuskure. Eberhard ya juya wajen ƙanensa Kaspar, ya ce da murya a fili, "Ƙasa taka ce, ka riƙe ta da amana." Sannan ya dubi Sidonie. "'Ya'yanmu da sunana za a kira su."

Uwargida Walpurga ta miƙe kamar za ta fita. Ta daɗe a tsaye, sannan ta koma ta zauna.

"Ci gaba, fasto," ta ce. "Ubangiji Ya albarkace su."

Sidonie ta damƙe hannun nan tana kuka, ta ce amin.