Labulen Ƙarfe Takwas

"Ruben, ba zan iya ba... Ina so mu fasa."

Ruben ya ajiye abin yankan cukun da ke hannunsa, ya juyo a hankali.

"Mu fasa me? Auren ko gidan?"

"Gidan mana. Kai ma ka sani."

"Na tambaya ne don ni a wurina tare suke tafiya."

Ilse ta sunkuyar da kai. Shekaranjiya suka sa hannu a takardar cinikin, kuma doka ta ba mai saye kwana uku ya yi tunani, in ya ga dama ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba. Mutane suna amfani da kwanakin nan wajen auna ɗakuna da zaɓen fenti. Ita kuwa kuka take yi da su.

"Shekara biyu muna nema, Ilse. Gida goma sha ɗaya muka taya aka riga mu. Wannan na sha biyun ke kika ce mini ko tsayuwar bishiyar tuffarsa ta yi miki."

"Har yanzu ta yi mini."

"To mene ne?"

"Ka san mene ne. Labulen Baba."

Ruben ya ja kujera ya zauna, ya dafe goshi. Ba mai faɗa ba ne, shi ya sa shirunsa ya fi faɗa ciwo.

Sabon gidan yana ƙarshen wani layi a garin Zutphen, inda Ruben yake koyarwa a firamare. Unguwa ce shiru, wadda in keke ya wuce sai ka ji ƙarar sarƙarsa daga cikin kicin. Shekara guda ke nan Ruben yana tashi da duhu a Rotterdam ya kama jirgin ƙasa, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, bai taɓa yin ƙorafi ba. Ita aikinta na zanen gine-gine a kwamfuta yake, ko'ina ta zauna za ta yi shi. Abu ɗaya ne ba ya ɗaukuwa a kai Zutphen, shi ne mahaifinta.

Mahaifin nata, Evert Brouwer, tsohon direban injin sauke kaya ne a tashar jiragen ruwa ta Rotterdam, mai shekara saba'in da huɗu, da zuciyar da likita ya ce a bi ta a hankali, da taurin kan da babu likitan da ya samo maganinsa. Da mahaifiyar Ilse ta rasu shekara uku da suka wuce, ya hana a riƙa kiransa a waya ana tambayarsa ko yana numfashi. Sai suka yi yarjejeniya irin ta tsofaffin unguwa: kullum kafin ƙarfe takwas zai buɗe labulen tagarsa. Ilse za ta biyo ta layin a kekenta, ta ɗaga kai ta dubi hawa na biyu, shi ya ɗaga mata kofin kofi, ita ta kaɗa ƙararrawa sau biyu ta wuce. Ko ruwa ake ko ƙanƙara, ba ta taɓa fashi ba.

"Na ce ya zo ya zauna da mu," in ji Ruben. "Ɗakin ƙasa nasa ne."

"Ya ce sai dai a fitar da gawarsa daga gidan da Mama ta zauna."

"To ni ina zan sa kaina, masoyiyata? Ina son Babanki, kin sani. Amma ba zan ci gaba da rayuwa a cikin jirgi ba. Ina so in dawo gida da rana in same ki. Ina so 'ya'yanmu su koyi keke a layin nan."

"In ya faɗi fa? In ya kwana a ƙasa, babu wanda ya ɗaga kai ya duba?"

Ruben ya tura mata farantin burodin, ya ɗauki jakarsa.

"Zuwa gobe da dare kwanakin za su cika. Ba zan hana ki janyewa ba, sunanki yana takardar kamar nawa. Amma kafin ki aika wa dillali saƙo, ki je ki faɗa wa Baba da bakinki. Ki bar shi ya ji abin da ake yi da sunansa."

Da la'asar ta je. Sai da ta kira tukuna ta nemi izini, don Evert Brouwer bai taɓa shiga gidan kowa ba sai an rubuta ranar a littafin alkawura tun mako biyu kafin nan, kuma haka yake so a yi masa. Ya zuba mata kofi, ya buɗe gwangwanin biskit, ta ɗauki ɗaya, ya mayar da murfin ya rufe kamar yadda ya saba tun tana yarinya.

Ta faɗa masa komai. Yana saurare yana kallon labulen, farin yadi mai ƙananan furanni shuɗaye da mahaifiyarta ta ɗinka da hannunta.

"Gidan yana da lambu?" ya tambaya.

"Ɗan ƙarami. Amma Baba..."

"Rufin ba ya zuba?"

"Sabo ne. Baba, ka ji abin da na ce kuwa? Janyewa zan yi."

"Na ji. Kunnena lafiya lau yake." Ya kurɓi kofinsa. "Yaron me ya ce?"

"Ya ce in faɗa maka."

"Yana da hankali. Ki sha kafin ya huce."

Iyakar abin da ta samu ke nan. Ta fito da haushinsa da tausayinsa duka biyu, ta rasa wanda ya fi nauyi. A hanya ta rubuta saƙon janyewar a wayarta, ta ajiye shi ba ta aika ba.

Washegari, ranar ƙarshe, ta biyo layin ƙarfe takwas da minti goma. Ta ɗaga kai.

Labulen a rufe yake.

Ba ta san lokacin da ta yar da keken ba, ko kulle shi ba ta yi ba. Ta haye matakalar nan mai tsayi da ƙunci tana tuntuɓe, da makulli a hannunta. Ta tura ƙofar.

"Baba!"

Yana zaune a teburinsa cikin rigarsa ta ranar Lahadi, gashi a taje. Gabansa kuma, da kofi a hannu da silifas a ƙafa, maƙwabciyarsa Truus ce ta tsallaken layi, matar da suka shekara ashirin ba sa ga maciji da juna saboda inda ake ajiye kwandon shara.

Evert ya duba agogonsa.

"Kin makara. Ta riga ki da minti bakwai."

"Takwas," in ji Truus. "Kuma da guiwata mai ciwo."

Ilse ta jingina da bango.

"Da gangan ka yi? Baba, ka san abin da na gani a raina a kan matakalar nan?"

"Na sani. Ki yafe mini, 'yata. Da da baki na faɗa miki, da ba ki yarda ba, don taurin kan nan a wurina kika gada. Zauna."

Ta zauna tana share hawaye da bayan hannu.

"Jiya bayan kin fita na tsallaka na buga mata ƙofa," ya ce. "Na roƙe ta ta riƙa duba mini labule. Na ba ta makulli."

"Shekara ashirin ina jiran mutumin nan ya ce mini don Allah," in ji Truus. "Sai da na sa ya maimaita. Ke kuma yarinya, kina tsammanin ke kaɗai ce mai ido a layin nan? Tun ranar da aka binne mahaifiyarki nake duban tagar nan kowace safiya, kafin ki iso da ƙararrawarki mai tada mutane. Ban dai faɗa masa ba ne, kada kansa ya ƙara girma."

Ta shanye kofinta, ta miƙe ta ce ta bar madara a wuta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce masa kwandon nasa har yanzu ba a wurinsa yake ba.

Da suka rage su biyu, Evert ya daɗe yana juya kofinsa a kan faranti.

"Kin ɗauka ke kike duba ni," ya ce. "Ni ma haka na bar ki ki ɗauka. Gaskiyar ita ce ni nake duba ki. In kin wuce sai in ga ko kin ɗaura mayafin wuya, ko kin rame, ko kun yi faɗa da yaron. Minti ɗayan nan shi nake ci har dare. Na san yana ɓata miki hanya, na san shi ya sa ba ku taɓa tafiya hutu ba. Na yi shiru, don ina so."

"Baba..."

"Bari in gama, ban iya irin wannan magana sau biyu ba. Shekara uku na cinye miki safiya. Ba zan cinye miki gida ba, balle miji. Da mahaifiyarki tana nan da tuni ta jefe ni da takalmi."

Ilse ta yi dariya cikin kuka. Ya jawo gwangwanin biskit, ya buɗe, ta ɗauki ɗaya. Ta jira ya rufe. Bai rufe ba, sai ma ya ƙara tura mata shi gabanta. A nan ne ta fashe da kuka na gaske, ta kifa kanta a kafaɗarsa, shi kuma yana bubbuga bayanta da hannun da bai saba rarrashi ba.

A kan matakala ta goge saƙon, ta kira Ruben a waya.

"Wane launi kake so a kicin?" ta tambaya.



"Duk wanda kike so, rabin raina," ya ce. "Ko da ruwan hoda ne."

Bayan wata biyu aka ba su makulli. Abokai suka taya su kwasar kaya, maƙwabta suka leƙo ɗaya bayan ɗaya da furanni suna faɗin sunayensu da ranar da ake fitar da shara. Evert bai zo ba, ya ce hayaniya ba ta yi masa. Ya dai aiko da ƙunshi, da Ilse ta buɗe sai ta ga rabin labulen mahaifiyarta. Ya raba shi biyu, Truus ta ɗinke masa bakin. A tagar falo Ilse ta rataye shi da kanta.

Safiyar farko a sabon gidan ta farka. Babu layin da za ta bi, babu tagar da za ta ɗaga kai ta duba. Unguwar shiru, sai kukan tsuntsaye a bishiyar tuffa. Ta sauko cikin rigar barci, Ruben yana biye da ita yana hamma, ta kama labulen ta ja.

A tsallaken layi, kusa da fitilar titi, wani tsoho ne tsaye cikin rigarsa ta ranar Lahadi, da kwalin kek a hannu ɗaya. Mutumin da bai taɓa zuwa gidan kowa ba tare da alkawari ba ya kama jirgin farko daga Rotterdam. Ya duba agogonsa, ya girgiza kai, ya ɗaga mata yatsu huɗu.

"Minti huɗu kika makara da buɗe labule," in ji Ruben yana dariya.

Ilse ba ta ji shi ba. Ta riga ta buɗe ƙofa, ta fita da gudu babu takalmi.