Awon Kuben Hammata

Baduku Zarwali ya gaji liƙis, yana shirin rufe shagonsa a kasuwar Darra, sai wani dogo ya shigo lulluɓe da bargo, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Kaka, kuben bindiga nake so, na hammata. Na ƙugun da ka matsa mini in saya, maɓallinsa ya cije ranar da nake buƙatarsa."

"Kowa da ƙorafinsa," in ji Zarwali yana hamma. Ya zagaye ƙirjin baƙon da igiyar awo, ya ji shi sanyi ƙalau kamar randa. "Ja numfashi, jikana, kada maɗaurin ya matse ka."

Igiyar ko motsi ba ta yi ba.

"Auna haka nan, Kaka. Tun Talata da aka tare ni ban sake ja ba."