Tumun Ranar Mauludi

A shekarar da Mauludi ya faɗo ƙarshen damina, rumbunan Hawandawaki sun daɗe da komawa fayau. Al'adar garin kuwa, ba mai taɓa sabon gero sai an yanko tumun farko daga gonar liman an yi sadaka ranar bikin.

Da hantsi aka kai wa Gado labari. Shi ne babban dogarin Tasawa, wanda a yau sai a ce masa sufeto, ya zo tsaron taro. Wai an kwashe rabin zangarniyar gonar, har an ɗaure taguwar Sidi makiyayi, wato raƙumarsa, za a ƙwace ta diyya. Ita kaɗai gare shi, nononta ke riƙe da 'ya'yansa.

"Wa ya gan ta cikin gona?" in ji Gado.

"Ni, ranka shi daɗe," in ji Na Allah, mai korar tsuntsaye a gonar. "Da idona na gan ta tana ci."

Gado ya shiga gonar ya duba kara. Kowanne an yanke shi sumul.

"Sidi, yaushe taguwarka ta fara yawo da wuƙa?"

Sidi, da ya biyo shi gonar, bai yi dariya ba.

A bayan wata bishiyar bedi Gado ya tarar da toka mai ɗumi da tulin soshiya, wato zangarniyar da aka murje. An gasa tumu ke nan, kuma mai yawa.

"Na Allah, wa ya hura wuta nan?"

"Matafiya ne, hala."

Yana magana hannuwansa na cikin riga. Gado ya lura da haka.

Da jama'a ta cika ƙofar liman, Gado ya ratsa ya zauna daf da Na Allah. Liman ya ce a yi fatiha, kowa ya buɗe tafinsa. Na Allah ya yi nawa, amma ina, ba a ɓoye hannu a gaban addu'a. Tafukansa duk bororo, baƙin gawayi ya shige kowane layi. Haka murzar tumu da zafinsa take yi wa mai gaggawa.

Gado ya bari aka shafa, sannan ya riƙe masa wuyan hannu.

"Wuta ce ko taguwa?"

Na Allah ya sunkuyar da kai. "Kwana huɗu ɗiyana na cin ganyen tafasa tsura. Ni na yanka. Tsoro ya sa na laƙa ma Sidi."

"Da yunwar kaɗai ce, da ni zan roƙa maka. Ƙaryar za ta kai ka Tasawa."

Kafin a tafi da shi, liman ya sa aka kai ƙwaryar farko ta sadaka gidan Na Allah.

Sidi ya kwance taguwarsa. Bai bar garin ba sai da ya tatsi ƙwarya guda ya bi bayan sadakar da ita.