Jelar Ƙarfe a Garejin Manniru

Ranar Talata aka tashi da yayyafi, gari ya yi duhu kamar magariba, aka kira Sufeto Muhyiddeen wani gareji a Apo. Ƙarfen ƙugiyar ɗaga inji ya karye, injin tirela ya faɗo kan wani bakanike mai suna Saleh. Ko shurawa bai yi ba.

Ƙarfen dogo ne, kwance bisa ginshiƙai biyu, jelarsa ta zarce na ƙarshe ta leƙa waje. A jelar ya karye.

Mai garejin, Oga Manniru, ya tare shi sanye da baƙin tabarau.

"Yallaɓai, injiniyar da ta zana shi ce ta kashe min Saleh. Lissafinta ne bai yi ba."

"Rana ka gani, Oga?"

"Afolo nake yi."

Sufeto ya durƙusa ya shafa bakin karayar. Ɗanyen fenti ya biyo yatsansa, ƙarƙashinsa ɗinkin walda ne duk ƙuraje.

A caji ofis Injiniya Kauthar, wadda ta zana ƙarfen, na tsare a bayan kanta tun safe, tuhumar kisa na jiranta. Sufeto ya je ya same ta.

"Mita nawa kika ba jelar nan?"

"Biyu. Na lissafa, ko inji mafi nauyi aka rataya a bakinta, ba za ta sunkuya fiye da kaurin yatsa ba."

"Na auna. Huɗu ce."

Ta miƙe zumbur. "Huɗu? Yallaɓai, in aka ninka tsawon, sunkuyawar wuce ninki huɗu take yi, tana neman takwas! Wa ya ƙara?"

Ya koma garejin. A bakin ƙofa ya ga inda tayoyin tirela suka haƙa rami cikin taɓo, daidai ƙarƙashin inda jelar take kaiwa.

"Wa ke maka walda, Oga?"

"Uthman. Ya tafi gida noma tun farkon damina."

"To ɗanyen ɗinkin nan fa?"

"Wallahi ban taɓa riƙe walda ba."

Sufeto ya ɗauko garkuwar fuska ta masu walda da ke rataye a bango. Gilashinta a fashe yake.

"Cire tabarau."

Manniru ya cire. Idanu sun kumbura jawur, hawaye zalla ke zuba.

"Afolo da kwantsa yake zuwa. Wannan hasken walda ne, na wanda ya yi ta da ido tsirara."

Manniru ya zauna kan wata taya.

"Tirela ta kasa shigowa saboda taɓo, mai ita ya hana ni sakat. Na ce ƙarfe ai ƙarfe ne, bari in ƙara masa ya kai waje. Saleh ya ce min jelar na sunkuyawa. Na ce ya shiga ƙasa ya daidaita sarƙa."

Aka sa masa ankwa, aka riƙe shi zuwa mota, don ba ya ganin gabansa. Kafin la'asar aka saki Kauthar.

Abin da aka rasa: ƙarfe ɗaya, inji ɗaya, da Saleh, wanda ya bar matarsa Iyatu da tsohon ciki a Kurudu.