Tambayar da Ba a Taɓa Yi wa Malam Daudu Ba

Ranar zaɓen kansiloli a Gwiwa, da layi ya zo kan Ɗayyabu, ya miƙa hannu a shafa masa tawada. Malamar zaɓen ta ɗago kai, ai kuwa sai ya manta wane yatsa ake miƙawa.

"Malam, babban," ta ce tana danne dariya.

Ikilima ke nan. Tun daga ranar Ɗayyabu, malamin makaranta a Kazaure, bai sake samun sukuni ba. Kowace Asabar babur ɗinsa na kan hanyar Gwiwa, garin iyayensa. Tana ce masa Malamina, yana ce mata Sanyin Idona.

Sai da magana ta kai ga manya hankali ya tashi. Mahaifinta, Malam Daudu, ɗan jam'iyyar Fartanya ne na gani-kashe-ni. Mahaifin Ɗayyabu, Malam Lawal, ɗan Tulu ne. Tare suka yi yarinta, amma shekara takwas ke nan ba sa ga-maciji. Wata rana ce tawagogin jam'iyyun biyu suka yi kaciɓis a hanyar Roni, aka yi jifa, babur ya kife da Ashiru, ɗan farin Malam Daudu, ko shurawa bai yi ba. Malam Lawal ya je gaisuwa, aka mai da shi daga ƙofar gida. Tun daga nan ba a sake ganin Malam Daudu a suna ko jana'izar ɗan Tulu ba.

"Sun kashe min ɗa, in ba su 'ya?" in ji shi. "Ga Kashim nan shugaban matasanmu, yana so."

Shi Ɗayyabu a aji ba ya ce wa ɗalibi ya yi kuskure, tambaya yake jera masa har ya gano da kansa. Sai ya ɗauka tsoho ma haka ne. Bayan la'asar ya sami Malam Daudu a majalisarsa, ya durƙusa ya gaida shi.

"Baba, ina da tambaya. Duk ɗan Tulu mugu ne?"

"Ƙwarai kuwa."

"Ɗan takararku na bana, a wace jam'iyya yake a zaɓen baya?"

Tsoho ya kau da kai. "Tulu."

"To ran da ya sauya sheƙa, halinsa ya sauya ko hularsa?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Malam Daudu ya naɗe buzunsa ya shige gida. Shi kuwa bawan Allah ya hau babur har yana fito, wai shi ya yi nasara.

Washegari saƙonta ya shigo:

"Malamina, ka tambayi Baba abin da ka san amsarsa don a yi masa dariya. Ka ci gardama. Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba, ni ma haka. An ce wa Kashim ya turo bayan kaka. Don Allah kada ka kira ni."

Wayyo, Ɗayyabu ya yi nadama kamar ya haɗiye zuciya. Ana cikin haka, da tsakiyar damina, ciwon Malam Lawal ya tashi, kwana huɗu ya ce ga garinku nan. Ɗayyabu na zaune kan tabarmar gaisuwa, idonsa na kan hanya. Malam Daudu bai zo ba. Saƙon Ikilima ne ya zo:

"Allah ya jiƙan Baba. Ina kuka tare da kai. Sau biyu yau babana ya sa takalmi, ya cire."

Bayan sadakar bakwai Ɗayyabu ya bi Malam Daudu gona, ya same shi shi kaɗai a gindin tsamiya. Ya nemi gafara, tsoho bai ko dube shi ba.

"Baba, yau abin da ban sani ba zan tambaya. A Kazaure na tashi wurin kawuna, ban san Ashiru ba. Wane irin mutum ne?"

Malam Daudu ya kai dubansa ga gero. Shekara takwas mutane na gudun ambaton sunan a gabansa.

"Mai kunya ne," ya ce a hankali. "Tattabaru yake kiwo. Ko tsawa ba ya so."

"Yana son siyasa?"

"Ina! Ko tutarmu ba ya iya riƙewa daidai."

"To me ya kai shi hanyar Roni, Baba?"

Tsohon ya dubi ƙasa.

"Ni. Ya ce kansa na ciwo. Na ce ɗan Daudu ba zai kwanta ba ana ƙirga mutanen mazaɓata. Ni na tura shi." Ya kife fuska a hannun riga. "Da Lawal ya zo gaisuwa, kasa haɗa ido na yi da shi, don ya sha gaya min in bar yaron nan. Gara in ce su ne."

Ɗayyabu bai ƙara ko tambaya ɗaya ba. Ya zauna kusa da shi suka yi kuka, wanda ya rasa uba da wanda ya rasa ɗa.

Da yammacin ranar aka ga Malam Daudu tsugune a zauren marigayi, yana yi wa iyalinsa gaisuwa. Kashim ya yi fushinsa ya gaji.

Bayan an ɗaure gero aka ɗaura aure. Kafin motar amarya ta kama hanyar Kazaure, aka kai su sallama wurin Malam Daudu. Ikilima na kuka cikin mayafi, Ɗayyabu ya sunkuyar da kai.

"Lawal ya so ganin ranar nan, ni na hana shi," in ji tsohon. "Ɗayyabu, ga ta nan, amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. In sun zo, ku riƙa jin abin da suke faɗa."

"Amin, Baba," suka ce tare.