Farin Ruwan da Ke Bayan Shinge

A hutun da ta gama aji uku, aka kai Iveren wajen kakanninta, a wani ƙauye kusa da Gboko. Lokacin cire rogo ne.

Kaka da matan gidan suka gurza rogo, suka zuba a buhu, suka danne shi da manyan duwatsu a cikin wani ɗan shinge. Wani farin ruwa yana ta ɗiga cikin daro.

"'Yar birni, kada ki buɗe shingen nan," in ji Kaka. Ba ta faɗi dalili ba. Ta ɗauki kwando ta koma gona.

Rana ta yi zafi. Baƙar akuyar Kaka, mai tsohon ciki, ta zo tana leƙen shingen tana kuka. Iveren ta duba kwanon ruwan akuyar, babu ko ɗigo. Ta dubi ruwan daro, fari tas kamar nono. Sai ta buɗe mata.

Akuya ta sha. Iveren ta kore ta, ta mayar da ƙyaure yadda yake.

Ba a jima da dawowa daga gona ba, akuya ta fara tangaɗi. Ta faɗi. Kumfa na fita daga bakinta, idanunta sun juye.

"Terhide!" Kaka ta ƙwala wa ɗanta kira. "Zo ka gani!"

Kawu Terhide ya durƙusa yana laluben ƙafafun akuyar. "Maciji ne, Mama. Bari in nemo inda ya sare ta."

Iveren ta ɓuya a bayan turmi. Ta san ba maciji ba ne. Ta kuma ga bulalar da ke rataye a jikin mangwaro.

Akuya ta yi shure-shure. Numfashinta ya fara ja baya.

"Ban ga sara ba," in ji Kawu. "In ba mu san abin da ya same ta ba, sai dai wuƙa. 'Ya'yan cikin ma sun tafi."

Ya miƙe zai shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa.

"Kawu, tsaya!" Iveren ta fito daga bayan turmi. "Ruwan daron can ta sha. Ni na buɗe mata."

Ba wanda ya tsaya yi mata faɗa. Kaka ta ruga ta ɗauko kwalbar manja. Kawu ya buɗe bakin akuyar, Kaka ta ɗura mata.

"Riƙe mata kai, 'yar birni! Ke kika shayar da ita, ke za ki yi jinya."

Iveren ta riƙe, hawaye na zuba a kan kunnen akuyar. Aka daɗe babu motsi. Can sai akuya ta yi atishawa, ta ɗaga kai.

Kaka ta zauna a ƙasa tana haki. "Wannan rogon mai ɗaci ne. Ruwansa guba ne, har ga mutum. Laifina ne da ban gaya miki ba. Amma in an hana ki abu, ki tambayi dalili kafin ki taɓa. In kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri. Da kin ƙara yin shiru, da yanzu ana fiɗa."

Kafin hutu ya ƙare, akuya ta haifi biyu. Kaka ta ɗauko ƙaramar, mai farin goshi, ta ɗora wa Iveren a cinya.