Ɗakin da Aka Yaye wa Rufi

Ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, Tela na durƙushe a tsakar ɗaki rungume da Innarta mai shanyewar ɓarin jiki, ta lulluɓe ta da ledar keken ɗinki. Babu komai tsakaninsu da sama! Da hantsi kafintoci suka yaye rufin bisa umarnin mai gidan, wanda ba kowa ba ne illa wan marigayi mijinta.

"Yaya, ka dubi girman Allah!" ta ce da shi cikin kuka, yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da laima. "Ina zan kai Inna a haka?"

"Kai ta inda kika ga dama! Na samu mai shagon da zai ninka haya. Ƙanena ya mutu, zumunci ya bi shi."

Bai tsaya nan ba. Ya yanke musu famfo, ya bi unguwa yana cewa maza take tarawa, har masu kawo ɗinki suka zo suka kwashe yadukansu ba ko sallama. Sanyi ya kama ƙirjin Inna, numfashinta na fita da ƙyar... Tela ta goya ta zuwa asibiti tana faɗin, "Ya Allah, kai kaɗai ka rage mana!"

A can wata nas ta ji labarin, ta dafa kafaɗarta. "Baiwar Allah, ba ki ji sabuwar dokar da majalisa ta zartar ba? Yanzu ba a korar ɗan haya sai da wa'adi da izinin kotu."

Tela ta kai ƙara kotu. Mai gidan ya rantse wai iska ce ta yi ɓarna. Alƙali ya ce a je a gani. Sai ga kwanukan rufin a jere tsaf a bayan gidansa! Maƙwabtan da tsoro ya rufe wa baki suka shiga ba da shaida, mutumin ya hau zufa yana in'ina. Aka ci shi tara, aka tilasta shi ya wanke sunan Tela a gaban jama'a.

Hukuma ta ba su ɗaya daga cikin sababbin gidaje masu rahusa. Ranar tarewa Tela ta damƙa wa Inna mukulli a hannunta mai lafiya. Tsohuwar ta ƙanƙame shi, hawaye na bin kuncinta, da ƙyar ta haɗa kalmomi: "Rufe mana ƙofa, 'yar nan... tamu ce."